Ka Same Ta da Rai, Mfaume?

Ƙanena Mfaume Nandonde a ƙofar gidansa yake wuni yanzu, a nan Mtepera, yana saƙar tabarma, ƙafarsa ta hagu a miƙe kamar taɓarya. Baƙon da ya gan shi haka ba zai yarda ba in aka ce masa shekara goma sha bakwai babu wanda ya kai mutumin nan gudu daga nan har Liwale. Gudu ne sana'arsa, gudu da wuƙa a hannu.

Ni ce yayarsa, Somoe. Ni na goye shi in mahaifiyarmu ta tafi gona, shi kuma ya ɗauko ni ya dawo da ni gidansa da Allah ya karɓi ran mijina. Mahaifinmu mai zuma ne, amyoyinsa na ɓawon itace sun fi ɗari a daji. Mfaume bai gaji zumar ba, don ko kudan zuma ɗaya ya harbe shi sai idonsa ya rufe. Abin da ya samu daga tsoho shi ne sanin daji. Daga Liman Nassoro ya samu ɗan karatu. Rashin iya ƙarya kuwa ban san inda ya samo shi ba. Tun yana yaro in muka ɗebi gyaɗar iri muka ci, shi ke tona mu, a dake mu tare da shi.

A tsallaken kogin Matandu akwai sansanin farauta na wani Bature, Bwana Dirki. Daga wata na bakwai zuwa na sha biyu baƙi ke sauka can a ƙaramin jirgi. Yawancinsu mafarauta ne a garuruwansu na ƙasashen sanyi, masu harbin barewa da agwagwar ruwa a ranakun hutu. Sai ƙananan namun su ishe su, su yi shekaru suna tanadi, su taho su uku ko huɗu, abokan juna, don su tsaya gaban ɓauna. Nama bai dame su ba. Ƙaho suke so, da fatar kai da ta wuya har ƙirji, a feɗe ta ba tare da ɓaraka ba, a kai can a cusa mata abu ta tsaya a jikin bango tana kallon masu shigowa. Naman kuma motar sansani ta kawo mana.

Mu kuwa ba ma cin abin da harsashi ya kashe. Haka malamanmu suka koya mana tun kakanni: sai an riski dabba da sauran ranta, Musulmi ya ambaci sunan Allah ya sa wuƙa. In rai ya riga ya fita, mushe ce, ko da ɗuminta. Don haka aka ɗauki Mfaume aiki.

Doka biyu Bwana Dirki ya kafa masa. Ta farko, ba zai yanka a maƙogwaro ba, don yana ɓata fatar da baƙo ya zo dominta. Sai can ƙasa, a ramin da wuya ya haɗu da ƙirji, ya soka ya ja kaɗan. Liman ya duba littafinsa ya ce haka ake yi wa raƙumi, kuma ya halatta. Ta biyu, ba zai motsa ba sai Bwana ya sauke hannu. Ɓauna in ta faɗi ba lallai ta gama ba, ta sha tashi ta tsinke cikin mutum. Bwana yakan jira wani dogon kuka da take yi in mutuwa ta zo mata, sannan ya sauke hannunsa. Daga wannan kukan zuwa fitar rai, mutum ba zai gama Fatiha da Ƙulhuwallahu ba. A ɗan tsakanin nan ƙanena ya ci abincinsa shekara goma sha bakwai.

Motar takan tsaya a gindin mangwaron masallaci. Kafin kowa ya miƙa ƙwarya, Liman zai fito ya tambaya, kullum da kalmomi iri ɗaya: "Mfaume, ka same ta da rai?" In ya ce ya same ta, a sauke. In ya ce bai same ta ba, direba ya juya, a kai naman garin 'yan mishan, ko a rataye shi a daji don a jawo damisa. Babu mai shaida sai shi. Bwana da baƙinsa ba su san bambanci ba, masu bin sawu kuma idonsu na kan daji. A shekarun ƙoshi in motar ta juya, mata su ɗan yi tsaki su koma gida su dafa wake.

Shekarar da nake son in ba da labarinta babu wake.

Ruwa ya ɗauke dawa tana bunni. Abin da ya tsira a fadama giwaye suka shiga suka gama da shi cikin kwana biyu, har rogon suka tuge. Kashu bai yi 'ya'ya ba. Annoba ta share kaji. Kafin wata na goma mun koma haƙar ming'oko, saiwar dajin nan, kullum sai mun ƙara nisa kafin mu samu. Abin da Mfaume ke samu a sansani masara ce ke cinye shi, ita ma ta yi tsadar da buhu ɗaya gida huɗu na dangi ke sa masa ido.

A cikin wannan hali matarsa Tatu ta haihu. Shekara tara suna tare, ciki uku ta binne, wannan ce ta zo da rai. Aka sa mata Mwanaheri. Tatu doguwa ce mai baki, wadda in ta fara tsokanata sai na bar mata tsakar gida. Bayan suna bakin ya mutu. Sati uku da haihuwa nono ya ƙafe. Yarinyar ta tsotsa ta saki, ta tsotsa ta saki, daga baya ko kukan ma sai ka kasa kunne. Na dama kunun masara mai ruwa-ruwa ina ɗiga mata da yatsa, cikinta ya ƙi riƙewa. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ja fatar hannun Tatu ta ga ta tsaya a tsaye, ta ce uwar ce ba ta da komai a jiki, a nemo mata nama ko kifi. Kogin ya zama yashi. Muka zuba wa hanyar sansani ido.

Baƙin ƙarshe na shekarar su uku ne, 'yan gari ɗaya: likitan haƙori, da mai sayar da tayoyin mota, da wani tsoho da ya ƙare aikinsa a gidan waya. Wannan ne zuwansu na huɗu tare. Mutanen sansani suna kiran tsohon Jan Wuya, don rana ta gasa masa ƙeya. An ce mutumin kirki ne, yana gaida kowa da hannu, yana nuna musu hotunan jikokinsa da na ɗakin da suke taruwa su da abokansa, kawunan namun daji jere a bango, da wani fili da ya bari a tsakiya. A zuwa uku bai taɓa samun ɓauna ba. Likitansa ya ce masa wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe.

Mai tayoyi ne ya fara harbi. Ya sami ɓaunarsa a ciki, ta shige sarƙaƙiya, ba a gan ta ba sai bayan azahar, ta sandare. Motar ta zo, Liman ya tambaya, Mfaume ya ce bai same ta ba. Mutane suka tsaya suna kallon cinyoyin nan a bayan mota har ta juya. Babu wanda ya yi tsaki. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa a inda take.

Bayan kwana huɗu likitan haƙori ya harbi gwanki. Gwanin harbi ne, a zuciya ya same shi, dabbar ta zube ko shurawa ba ta yi ba. Baƙin suna ta murna suna dukan kafaɗar juna, Mfaume ya isa a guje ya taɓa idon, idon bai ƙifta ba. Mu dai mun daɗe da sanin cewa baƙon da ya fi iya harbi shi ya fi barin mu da yunwa.

Ranar kusan duk garin na gindin mangwaro. Liman ya yi tambayar a hankali, kamar mai ba shi lokaci. Mfaume ya dubi ƙasa ya ce bai same shi ba.

Hemedi, yayan Tatu, ya matso har jikin motar. Dama shi da Mfaume ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba, amma ranar babu dariya a ciki.

"Suruki, wai gudun ne ya ƙare ko wuƙar ce ta dakushe? In tsufa ne ka faɗa, mu ɗaura wa Liman takalmi ya je."

"Ya mutu kafin ya kai ƙasa, Hemedi."

"Wa ya gani? Kai da wa? Ka ja wuƙa a wuyan ka kawo mana, zunubin a rubuta a kaina, na ɗauka. Ƙanwata na can tana bushewa, kai kana nan kana auna ran gwanki."

Liman ya shiga tsakani. Ya ce littafi bai rufe ƙofa ba, wanda yunwa ta kai shi bakin halaka ya halatta ya ci mushe gwargwadon abin da zai riƙe ransa, duk mai wannan hali ya fito a yanka masa. Babu wanda ya fito. Kowa na jin yunwa, amma kowa da ƙafarsa ya zo, babu wanda zai fito gaban gari ya ce shi ne ya kai. Na ruga gida na faɗa wa Tatu, don ita kam ta kai. Tana kwance ta juya mini baya. Ta ce 'ya'ya uku ta binne, wannan ɗayar ba za ta gina mata jiki da nonon mushe ba, in Allah ya ba ta aro ne ya karɓa da tsarkinta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo mata maganar Liman kalma kalma. Ta ce in je in kawo mata abin da mijinta ya ce ya same shi da rai.

Na koma na tarar motar ba ta tashi ba, direba na zuba mata ruwa. Na ja Mfaume bayan masallaci. Abin da na faɗa masa a wurin na sha neman gafararsa a kan sallaya. Na ce ɓauna ɗaya ta rage a takardar izinin farautar baƙin nan, daga ita sai a rufe sansani sai baɗi. Na ce ko ya same ta ko bai same ta ba, ya zo ya ce ya same ta. Tatu ba za ta sani ba, Liman ba zai bincika ba, ni kuma zan riƙe bakina har kabari.

Ya daɗe yana murza kuben wuƙarsa.

"Yaya, in na faɗa sau ɗaya, duk naman da kuka ci daga hannuna shekara goma sha bakwai ya zama abin tambaya. Har wanda mijinki ya ci a ciwonsa na ƙarshe."

"To ka zo ka haƙa mata rami kusa da 'yan'uwanta."

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya shiga gida ya tsuguna kusa da yarinyar, ya sa mata ɗan yatsa a tafin hannu, ba ta riƙe ba. Ya fito ya hau mota.

Abin da ya faru a daji Ngatunga mai bin sawu ne ya ba ni labari, sau uku a lokuta dabam-dabam, bai canza komai ba. Kwana biyar suna bin wani tsohon bijimin ɓauna da ya rabu da garke. Jan Wuya ba ya iya doguwar tafiya, sai an tsaya ya huta, ɓaunar ta ƙara nisa. Ranar ƙarshe da hantsi suka riske ta a busasshen rafi, tana tsaye a inuwa. Tsohon ya ɗora bindiga a kan sanduna. Ya harba. Ta durƙusa, ta tashi, ta yi taku kamar goma, ta faɗi a yashi ta gefen dama, ƙafafun gaba a naɗe a ƙirji, haɓa a ƙasa.

Bwana Dirki ya ɗaga hannu. Suka tsaya. Ngatunga ya ce ɓaunar ba ta yi kukan ba. Wasu ba sa yi, sai dai su yi ta sauke numfashi har ya ƙare. Ya ce yana jin Mfaume a bayansa yana ƙirga numfashin a hankali, kuma kowanne yana fin na baya nisa. Bwana ya ce wa tsohon ya sake ɗora bindiga ya ƙara mata ɗaya a kafaɗa don a tabbata. Da wannan harsashi na biyu ya fita, da shi ke nan, ta zama mushe.

Mfaume ya cire takalmansa ya wuce ta gabansu.

Bwana ya daka masa tsawa, ya bugi bakin bindigar tsohon ya yi sama. Babu mai iya harbi, mutum na tsakani. Mfaume ya isa, ya ga ramin ƙirjin na ƙarƙashin gwiwoyinta, babu ta inda wuƙa za ta shiga. Sai ya kama ƙaho da hannun hagu, ya sa gwiwa ya banƙare kan, ya yi bisimilla da ƙarfi har su Ngatunga suka ji, ya ja wuƙa a maƙogwaro daga kunne zuwa kunne, irin yankan ragon layya. Jini ya yi tsiri. Ɓaunar ta yunƙura da abin da ya rage mata, ta ɗaga shi da kai ta maka shi a gaɓar rafin, ta mirgino a kan ƙafarsa. A nan ta ƙare.

Mutum shida suka ɗaga ta kafin a zaro shi.

Ya ƙi a wuce da shi Liwale sai an bi ta gari. Motar ta tsaya a gindin mangwaro da la'asar, shi a kwance a kan buhuna a gefen naman, fuskarsa kamar toka, wandonsa a jiƙe, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Mutane suka kewaye. Liman ya fito, ya dube shi, ya buɗe baki ya rufe. Sai Mfaume ya ce masa da 'yar muryar da ta rage, ya yi tambayarsa.

"Mfaume, ka same ta da rai?"

"Na same ta."

Hemedi na tsaye yana kallon ƙafar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ko makaho ya shafa nan ya san da ranta." Wasu suka yi 'yar dariya, shi kuma ya juya ya rufe fuska da hularsa.

Ni aka fara miƙa wa. Na karɓi hanta da ƙashin cinya da wani yanki na wuya, inda wuƙar ta bi. Na dafa romo. Tatu ta tambaye ni abin da mijinta ya ce, na faɗa mata, ban faɗa mata sauran ba sai da ta shanye ƙwarya biyu. Muka yanyanka rabonmu muka shanya a igiya, kullum in jefa tsinke biyu a tukunya. A rana ta huɗu ina tsakar gida na ji ta kira ni da tsohuwar muryarta, wai in zo in ga abin da ban taɓa iya yi ba, ni da ban taɓa shayarwa ba. Na shiga na tarar gaban rigarta a jiƙe, yarinyar na haɗiya har da sarƙewa.

Wata biyu ya yi a asibitin Liwale. Kafin jirginsu ya tashi Jan Wuya ya sa an kai shi wurinsa. Ngatunga ya ce a rafin, da tsohon ya ga wuyan a wangale, zama ya yi a yashi ya yi hawaye, don mai fiɗa ya ce babu ɗinkin da zai ɓoye wannan. A asibiti bai yi faɗa ba. Ya sa Bwana ya tambayar masa dalili, tunda dabbar mutuwa za ta yi ko da wuƙa ko babu. Mfaume ya yi bayani, Bwana ya juya masa, tsohon ya yi ta gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba amma ba ya son ya ɓata wa mara lafiya. Ya tafi da ƙahon kawai. Ya bar wa Mfaume takalmansa na farauta, masu kyau, ga su can rataye a ɗaka, ƙafa ɗaya ce ke shiga.

Bwana Dirki ya ɗauki nauyin asibitin, amma ya ce ko ƙafar ta warke ba zai sake tsayawa da mutumin da ke shiga gaban bindiga ba. Ban ga laifinsa ba. Ƙafar ma ba ta warke ba.

Da aka buɗe sansani a shekara ta gaba, sai aka ɗauki wani daga garin gaba, mutum mai fara'a, mai ɗan tumbi, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwa ake yi. Shekara shida ke nan yana aikin. A cikin shekara shidan nan motar ba ta taɓa juyawa da nama ba. Liman ya tsufa, yana fitowa yana tambaya, ana ba shi amsa, ana saukewa. Mutane na cewa sabon mai yankan yana da sa'a.

Mwanaheri ta isa aike yanzu, ta gaji tsayin uwarta da bakinta. In an kawo rabon gidanmu Tatu na dafawa, yarinyar na ci, Hemedi ma yakan zo ya sa hannu. Mfaume bai taɓa hana kowa ba, bai taɓa cewa komai a kan mutumin ba, ko da an tsokane shi. Sai dai a ranar nama Tatu kan ɗora tukunya ta biyu ta ganyen rogo. Ta zuba masa a ƙofar gida kusa da tabarmarsa. Ni ma a nan nake zuwa in ɗebi nawa.